Ko Kwana Uku Ba Su Bari Kin Yi Ba, Nélida

Ranar Talata, 11 ga Maris, Allah ya karɓi ran Injiniya Nélida Huamaní a nan Arequipa, bayan jinyar mako biyu. Shekara goma sha huɗu kina riƙe da babbar kwamfutar jami'armu, Nélida, wadda mu masu bincike sama da ɗari muke rububinta. Ke ke jera ayyukanmu a layi, ke ke ƙirga awoyin da kowa ya ci.

Dokarki ɗaya ce: wanda ya ci da yawa ya koma baya. Wani shugaban sashe ya taɓa kawo miki cuku don ki matsar da aikinsa gaba. Kika yanka wa ɗalibai, kika ce, "Dakta, cukun da daɗi, amma har yanzu kai ne na talatin da ɗaya." Da ɗalibata Yesenia ta ƙone awoyinta bisa kuskure kuwa, zama kika yi da ita kuka gyara lissafin, kika ba ta daga kasonki. Aikin nata, na hasashen ambaliya, kwana ashirin yake bukata ba tsayawa, kuma da shi za ta kare digirinta kafin tallafin karatunta ya yanke a ƙarshen wata. Jajibirin kwanciyarki asibiti kika tayar mata da shi.

Ga abin da ya biyo baya. A zaman makoki, akwatin gawarki a tsakar falo, wani babban farfesa ya ja mijinki gefe, yana kurɓar kofi.

"Don Fermín, sai haƙuri. Af, ba ta bar lambar sirrin kwamfutar a wata 'yar takarda ba?"

Tir da wannan hali! Ranar Alhamis suka samu lambar. Ranar Juma'a aka kira taro, aka ce binciken manya ya fi gaggawa, aka kashe duk abin da ke kan na'urar. Na Yesenia saura masa kwana biyu, ya tafi gaba ɗaya.

Jiya Yesenia ta tare ni a matakala. "Dakta, duk cikinku ba wanda ya ce uffan?"

Ina miƙa ta'aziyya ga Don Fermín da 'ya'yanki, Ximena da Eleuterio. Allah ya ba su juriya. Allah ya jiƙanki, Nélida, ya sa kin huta. Ni ma ina neman gafararsa, domin ina cikin taron nan, kuma da hannuna na sa wa takardar kashe ayyukan hannu.