Ƙuri'a Talatin da Takwas

Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, 'yarka ta kira ofis ta ce Allah Ya yi maka rasuwa, Akawu. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara.

Shekara goma sha ɗaya teburina na jikin naka. Ba ka gani, amma manhajar da ke karanta maka allon kwamfuta a kunne ta sa kana riga mu gama aiki, har kana tsokanar mu wai idanu ne ke ɓata mana lokaci.

Bara aka sabunta manhajar, muryar ta riƙa ɗaukewa da zarar ka buɗe takarda mai layuka. Ka rubuta ƙorafi a shafin masu ita. Tsarinsu shi ne sai matsala ta samu ƙuri'a ɗari daga masu amfani kafin su duba ta, kuma ƙuri'a biyar kowa ke da ita. Naka huɗu sun riga sun tafi ga ƙorafin mutanen da ba ka sani ba, har da wata kurma da rubutun ƙasan bidiyo ya ɓace mata. Ka ce ta fi ka buƙata.

Kai da ba ka yarda a riƙe maka hannu a matakala, ka koma bin tebur-tebur da sandarka kana roƙo. Masu son a canza launin maɓalli sun tara dubu biyu cikin mako guda. Kai wata goma ka yi, ka tsaya a talatin da takwas. Shugaban ofis ya fara zancen a hutar da kai.

Sau uku ka ce mini, "Ƙanena, minti biyu ne fa." Sau uku na ce gobe.

Jiya na shiga shafin in jefa maka ƙuri'ata, ina jin kunyar kaina. Na tarar na'urarsu ta aiko maka tambaya ko har yanzu matsalar na nan. Da ta ji shiru kwana bakwai, ta rufe ƙorafin, ta rubuta cewa mai shi bai amsa ba. Wanda zai sake buɗewa daga sifili zai fara, kuma ban san wa zai yi yawon da ka yi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka da 'yarka haƙurin rashinka. Ni kuma ka yafe mini, Akawu. Ƙuri'una biyar na nan, ban taɓa ko ɗaya ba.