Tunkiyar da Nura ya hana ni yankawa

Shekara biyu ke nan da rasuwar ƙanina Nura. Doha ta cika da masu kallon ƙwallo, hanyar filin wasa na Al Thumama ba ta biyuwa, ni kuwa ina garke a bayan gari, inda ya bar ni.

Nura ne ya yi karatu a gidanmu. Shi ya nemo mini aikin kiwo a gonar da suke gwaji. Aikinsu taɓa ƙwayoyin halittar tumaki tun suna ciki, don a haifo su da tsoka mai yawa. Ya taɓa yi mini bayani, na ce masa ban gane ba, ya nuna mini inda dusa take.

Tunkiya ɗaya ce cikin ya tsaya mata. Shekarunsa na wahala duk suna jikinta. Sai korona ta zo, aka yi kulle, aka kwantar da Nura a asibiti da robar iska a hanci. Likitan dabbobin ma an killace shi. Ranar da naƙuda ta kama tunkiyar, da tsakar rana, ni kaɗai ne a garken.

Kai ya fito, kafaɗu suka ƙi. Na sa hannu na ji faɗinsu, na san ba za su wuce ba. Kafil, mai gonar, ya bugo waya ya ce in yanka uwar in farke cikin in ciro ɗan da rai, khalas, shi ke nan. Na wasa wuƙa. Sannan na kira Nura, don aikinsa ne.

Da ƙyar yake haɗa kalma biyu. Na gaya masa yadda ake ciki.

"Yaya, kar ka yanka ta," in ji shi. "Ni na ɗora mata wannan. Ba ita ta nema ba."

Na ajiye wuƙar na ja ɗan da ƙarfi. Ya fito a mace, cinyoyinsa kamar na ɗan maraƙi. Kafil ya zage ni iya zagi. Nura bai ƙara sati ba.

Yanzu nakan ga irin waɗannan raguna a waya, wasu ƙasashe sun ci gaba da abin. Da Nura yana nan, ina jin zai yi murna, kuma zai tambayi yadda uwayen suka haihu. Ko aikin alheri ne ko a'a, malamai su faɗa.

Tunkiyar tana nan, tana ɗingishi. Makon jiya kafil ya yi baƙi masu kallon ƙwallo, ya nuna ta ya ce a yanka musu. Na ce masa a'a. Ya tuna mini cewa takardun zamana a hannunsa suke. Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna wani rago.

Allah ya jiƙan Nura. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Umarni ɗaya ya bar mini, kuma ina kansa.