Ledojin Sista Winifred Ba Shara Ba Ne

Kafin rana ta ɗaga, Sista Winifred ta riga ta sauka daga bas ɗin Sabon Gari a bakin kasuwar Samaru, jaka a hammata, da farin takalmin nan nata da ya sha ɗinki. Shekara goma sha tara ke nan tana haka. Sauran kwanaki allura ce da wankin ciwo, kamar kowace nas a ƙaramin asibitin unguwa. Amma Alhamis ranar zabiyoyi ce. Ba wanda ya sa ta, ita ta tsiro da ita. Ƙarfe bakwai take buɗe ƙofa, don ta ce ba za ta jera masu farar fata a layi cikin rana ba, alhali ranar ce ke cin su.

Takan zaunar da mutum kusa da taga, ta bi shi da ido tun daga tsagar kai, bayan kunne, wuya, har tsakanin yatsu. In ta ga tabo ko tawadar Allah, sai ta yanko farar leda ta ɗora a kai, ta zagaye bakin tabon da biro, ta rubuta suna da wata, ta jefa a gwangwanin madara. Wata na zagayowa ta sake ɗora ledar. In tabon ya leƙo waje da layin biro, ko ya sake launi, ko ya soma tsattsafo jini, a ranar take rubuta takarda zuwa babban asibiti. Ciwon dajin fata haka yake farawa, shiru, ba ko zafi.

Iyayen da ba su yi boko ba kuwa, ba ta taɓa yi musu Turanci ba.

"Mama, ba sai kin iya karatu ba," in ji ta. "Kin san gero, kin san dawa, kin san wake. In tabo mai girman gero ya zama dawa, ki zo. Dawa ta zama wake, ko tukunya ce a wuta ki bar ta."

A tambayi Ɗanmalam, zabiyan nan manomi a Bomo. Yana saurayi ta ce ya riƙa sa malafa in za shi gona, ya ƙi.

"Haba Sista, malafa ai ta tsofaffi ce. Ni da nake neman aure?"

"To, je ka nemi auren da kunne ɗaya, mu ga wadda za ta ɗauka."

Ledarta ce ta kama abin a gefen kunnensa yana ƙanƙane, aka yanke. Yau kunnuwansa biyu, 'ya'yansa huɗu, ko masallaci sai an tuna masa ya cire malafar.

To, a farkon shekarar nan aka kawo sabon oga. Yana zagaye ya buɗe kabad, ya ga gwangwanaye goma sha ɗaya cike da guntayen leda, kowace da sunan zabiya. Wani mai baƙin baki ya raɗa masa cewa ai an san abin da ake yi da kayan zabiya a wajen bokaye. Bai kira ta ya tambaya ba. Ranar Asabar ta shara aka juye su a bayan katanga aka cinna wuta. Aikin shekara goma sha tara, ko rabin awa bai yi ba ya zama ƙauri.

Litinin ta tarar da kabad wayam, da takardar tuhuma a kan tebur. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar, ta shiga ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, da ka tambaye ni."

"Asibiti ne nan, Sista, ba bola ba."

"Fatar mutane ka ƙona," ta ce, ta ja masa ƙofa a hankali.

Ya soke ranar Alhamis, ya kulle ɗakin. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma da wannan ƙazamar takarda a fayil ɗinta ake so ta tafi gida.

Cikin abin da ya ƙone har da ledar Zubaidatu, zabiya mai suyar awara a bakin titi, wadda Sista ke bin wani ɗigo a bayan kunnenta wata biyar. Alhamis ta zagayo, Zubaidatu ta zo da uwarta, wato ni mai wannan magana, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Sai ga Sista ta fito da benci a ka, da shekarunta, ta dire shi a ƙarƙashin bishiyar da ke wajen get.

"Nan ba ɗakinsa ba ne," ta ce. "Zubai, ture kallabin."

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ba leda, ba abin gwadawa. Ta juyo gare ni.

"Mama, watan jiya me kika gani?"

Na kwance bakin zanena, na fito da ƙwayoyin da nake yawo da su tun Zubaidatu tana 'yar shekara goma. Na ce gero ne. Muka kara geron, tabon ya haɗiye shi. Muka kara dawa, ya fi ta.

"Ku tashi. Yau, ba gobe ba."

A kan cinyarta ta rubuta takardar. An yi wa 'yata aiki, likita ya ce da an ƙara wata biyu da labarin ya sha bamban. Oga yana ofis yana shan fanka lokacin.

Ke ce, Sista, kika taɓa 'ya'yanmu da hannu tsirara a lokacin da maƙwabta ke wanke kofi in yaran sun sha ruwa. Ke ce kika san bayan kunnen kowane zabiya daga Bomo har Chikaji, fiye da uwar da ta haife shi. Mai ido a bayan kunne, mun gode. Ke Kirista, mu Musulmi, Allah ɗaya ya ga abin da kika yi, shi zai biya ki.

Amma godiya ba ta wanke fayil. Ban yi makaranta ba, na dai san ƙarya in an rubuta ta. A cire takardar nan kafin ƙarshen wata, wanda ya sa hannu ya tsaya gabanta ya ce ya yi kuskure. A buɗe ɗakin Alhamis. Ku kuma matasan nas, masu tsayawa a taga kuna leƙenta a gindin bishiya, ku fito ku koya tun tana nan. Leda ce da biro da haƙuri.

Alhamis mai zuwa ƙarfe bakwai muna bakin get, mu da malafunanmu, kuma ba za mu tashi ba sai an cire kwaɗon. Ɗanmalam ya riga ya wanke sabon gwangwani. In oga ya ga dama ya ƙona wannan ma. Gero dai bai ƙare a Bomo ba.