Mijinyawa da Zaƙamin Bayan Ɗaki

Mijinyawa manomin gauta ne a unguwar Yara, cikin garin Keffi. Gonarsa tana bakin rafin Antau, inda yake sa yalo da attarugu da ɗan tumatir, ranar kasuwa ya ɗora kwando a keke ya shigo gari. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya auri Madina, 'yar unguwar Liman Abaji. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka yi ta zamansu.

Madina tana da ciwon fuka. Da damina ta kankama sai ƙirjinta ya riƙa shewa, har daga zaure ana ji. Ya sha kai ta asibiti. A yi mata allura ta sami sauƙin kwana biyu, abin ya dawo.

Filomina, wata 'yar ƙabilar Eggon mai sarin gautarsa, ita ta nuna masa zaƙami, tsiron nan mai farin fure da ƙwallo mai ƙaya da ke fitowa a juji.

Ta ce, "Mai gauta, ganyen za ka shanya, ka murza, ka naɗa mata kamar taba ta zuƙa. Amma 'ya'yan da ke cikin ƙwallon, ko kaza kar ka bari ta ci."

Ya dasa shi a bayan ɗaki. Shekara goma sha huɗu yana naɗawa tana zuƙa, ƙirjin yana buɗewa. Takan rufe ƙofa tukuna, tana dariya, wai kada maƙwabta su ce matar Mijinyawa ta zama 'yar taba.

Daminar da aka fara zancen gina sabon babban birni kusa da Keffi, an kwana tara ana ruwa. Ganyen da ya ajiye duk ya yi fumfuna, ɗanye kuma ba ya kama wuta. Ran Talata bayan azahar ciwon ya tashi. Madina ta dafe bango, leɓenta ya yi baƙi. Hanya ta cika da ruwa, ita kuma ko zama a keke ba za ta iya ba.

Da ƙyar ta ce, "Malam, yi wani abu."

Ya fita cikin ruwan ya tsaya a gaban tsiron. Ya ce a ransa ai uwarsu ɗaya, ganye da ɗa. Ya fasa ƙwallo ya dafa 'ya'yan, ya tace, ya ba ta da hannunsa.

Numfashin ya daidaita, har ya yi hamdala. Kafin la'asar jikinta ya ɗauki zafi, idanunta suka buɗe ƙwarai amma ba ta ganinsa. Ta riƙa tsintar abin da babu a kan tabarma, tana gaishe da mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Ta nemi ruwa ta kasa haɗiyewa. Washegari da hantsi ta cika.

Kowa ya ce fuka ce. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Ran sadakar bakwai ya ja Ubale, yayan Madina, gefe.

"Yaya, ba fuka ba ce. Ni na ba ta 'ya'yan zaƙami. An hana ni, na ba ta."

Ubale ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Kada ka sake faɗa wa kowa."

Bai tona shi ba. Amma daga ranar bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, in sun haɗu a masallacin Juma'a sai ya sauya sahu.

Mijinyawa ya bar gonar ta koma daji. Da aka fara aikin titin Abuja ya shiga lebura, yana ɗaukar duwatsu tare da sa'annin 'ya'yan ƙannensa, ba ya magana sai in an tambaye shi. Shekara shida yana haka. Wata rana ya zauna a inuwar tirela don ya huta, aka busa komawa aiki bai tashi ba. A bayan motar yashi aka kawo gawarsa Keffi.