Ɗorawar Bayan Beri

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma tun da 'yata ta aiko min waya mai kyamara na naɗa kaina masanin itatuwa na ƙasar Kontagora baki ɗaya. Ba wanda ya yi gardama, don ba wanda ya ji labari.

Akwai wata ɗorawa a kan dutse, cikin dajin bayan Beri. Na ɗauke ta da damina, ganye ya rufe ta ruf. Na ɗauke ta da kaka, ciyawar gindinta ta yi ja. Saura na bazara, lokacin da take sako jajayen furen nan masu lilo kamar tuntun hula, ƙudan zuma na ta guɗa a kansu.

Mai raka ni wani tsohon Bakambare ne, gidansa a gindin dutsen. Ya fi ni shekaru, ya kuma fi ni ƙafa.

"Malamin hoto," ya ce, "bana ka bari. Ɗorawa ba gudu za ta yi ba."

"Kai tsoho, me ka sani game da bincike? Wuce mu je."

Muka hau. Birran da suka saba zaginmu daga kan duwatsu, babu ko ɗaya. Fakara ba ta tashi a gabanmu ba. A turbar da ko jaki sai an lallashe shi, sai ga sawun tayar babur, sabo. Na ce wataƙila malamin gona ne. Tsohon bai yi dariya ba.

Furen kuwa yana nan, ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Na gyara tsayuwa irin ta manya, na ɗauka. Sai da na sauke wayar na lura an sassare jikin itacen, sara bisa sara, kamar tsani. A ƙasa ga guntayen sigari da katin waya da aka kankare.

"Nan kaɗai ake samun sabis," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutanen daji ke hawa, su kira dangin waɗanda suka kama. Kai yau a Kontagora za ka kwana. Ni a nan zan kwana, da jikokina. In aka ce ni na kawo mai ɗaukar hoto fa?"

Sai ya ɗaga murya, bai ɗaga kai ba.

"Sannunku da hutawa!"

Can sama, inda sabon ganye ya yi duhu, aka amsa.

"Yauwa, baba."

Muryar ba ta gaggawa. Na ɗaga wayar sama yadda na kan reshe zai gani, na goge na bazara. Na goge na kaka. Na damina ma, da na fi so, na goge.

Muka sauko. Ranar bai raka ni bakin titi ba. Ya zauna a ƙofar gidansa, ya fuskanci dutsen, ya ce in yi sauri.