Hawan Gadar Ojota

Yayana bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Shan inna ta kama shi tun yana goye, ƙafafun suka shanye, duk ƙarfin da Allah ya nufe shi da shi ya taru a kafaɗu da damatsa. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, a wani gidan haya na Agege, a Legas, inda jirgin ƙasa ke girgiza mana kwanuka in zai wuce. Gyaran takalma yake yi a bakin layi. Bara kuwa ko a mafarki. In wani ya jefa masa sadaka a cinya sai ya bi shi da kekensa na guragu har ya mayar masa, shi ya sa ake cewa gurgun nan akwai girman kai. Ni ma na sha faɗa masa haka, don halinmu ɗaya, ba mu iya haɗiye magana ba.

A waya ya fara ganin wani ɗan Brazil mai tseren keken guragu na dogon zango. Keken dogo ne mai ƙafa uku, mutumin ya kifa a kansa yana dukan tayoyin da hannu bibbiyu. Yaya ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma ya kalla, ya sake kallo, har ya haddace yadda mutumin ke ɗaga gwiwar hannu. “Malamina” yake ce masa. Na ce sannu da malamin da bai san kana duniya ba. Ko a jikinsa.

Ya je wurin wani mai walda a bayan tasha, suka haɗa nasa da bututun ƙarfe da tayoyin tsohon keke. Safar hannu kuma da kansa ya ɗinka, ya liƙa mata robar tuf ɗin taya. Keken nan nauyinsa kamar buhun albasa. Da shi ya shiga wata ƙungiya ta masu irin lalurarsa da ke atisaye a filin wasa, ƙarƙashin wani koci Bayarabe mai kaushin baki amma mai gaskiya. Kocin ne ya dafa masa kafaɗar hagu wata rana ya ji tana ƙara, ya ce masa wannan ƙarfen da yake ja zai cinye kafaɗar, ko dai ya sami keke mara nauyi a bana, ko ya haƙura da tsere. A lokacin Yaya ya wuce shekara talatin.

Ana cikin haka aka kawo wa ƙungiyar keken tsere na gaske daga ƙasar waje, guda ɗaya tak. Koci ya ce duk wanda ya riga sauran ’yan ƙungiya isa a babban tseren birni, keken nasa ne, kuma da shi za a riƙa tafiya gasa. Tun daga ranar Yaya ya daina hira da kowa. Hannayensa suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin kanta.

Sai in ce wani abu game da Babanmu. Tun yana saurayi ya sauko daga Arewa, ya ƙare ƙarfinsa yana tura amalanke a kasuwar Mile 12. Masu wannan sana’a suna da al’adar da ba a wasa da ita: in ka ga kayan wani sun cije a hawa, ba ka tambaya, ba ka jira a kira ka, ajiye naka za ka yi ka sa kafaɗa. Wanda ya wuce bai sa hannu ba, ranar da nasa ya cije kowa kallonsa zai yi. Baba ya ɗauki tseren Yaya shirme ne.

“Mai ƙafa ma in yana gudu ba abin da ya koro shi, a duba kansa,” in ji shi, “balle kai.”

Yaya ya ji zafin maganar, ya daina yi masa zancen tsere gaba ɗaya. Shi ya sa Baba bai san komai ba a kan dokokinsa.

Ranar tseren na tsaya a gindin gadar Ojota, don Yaya ya ce nan ne wurin da ya fi wuya. An rufe titi, ba motocin haya na danfo ba okada, an ja igiya mutane sun yi dafifi a bayanta. Ban san Baba zai zo ba. Ashe rufe hanyar ya hana motocin kaya shiga kasuwa, sai shi da abokan aikinsa suka tako kallo. Can na hango shi a ɗaya ɓangaren titin, tsummansa a kafaɗa.

Yaya ya ɓullo, ya ba sauran ’yan ƙungiyarsu rata mai kyau. Na yi ta ihu har muryata ta dishe. Da ya kama hawan sai keken ya rage gudu, ya koma kamar zai tsaya. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, haƙora a waje, kowane bugu sai ya yi nishi. Ni na san haka hawan yake, ya sha yinsa a atisaye, kuma yana kaiwa. Baba bai sani ba. Shi dai ya ga kaya sun cije a hawa, kayan kuma ɗansa ne.

Kafin in ankara ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya. Na ƙwala masa kira, amma hayaniya ta shanye muryata. Ya dafa bayan keken da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya tura.

“Baba, sake ni! Don girman Allah sake ni!” Yaya yana faɗa yana waiwaye.

“Yi shiru ka riƙe kan,” in ji Baba.

Abokan aikinsa suna tsalle suna cewa sai Baba. Wani ma’aikacin tsere a kan babur yana daka masa tsawa da Turancin Legas wai ya fita ya sake shi, “Baba, comot! Leave am!” Baba bai sake ba sai da ya kai shi saman gada, sannan ya tsaya yana haki yana dariya. Ma’aikacin ya matsa ya duba lambar da ke bayan Yaya.

Yaya ya ƙarasa tseren, kuma shi ya riga ’yan ƙungiyarsu isa. Na same shi a can wajen azahar, yana zaune a rana bai cire safar hannu ba. Koci ya tsuguna a gabansa.

“Na law, my brother,” ya ce, sannan ya ƙara da ’yar Hausarsa, “Doka ce. Hannun wani ya taɓa keke, an cire ka, shi ke nan. Ba ni da yadda zan yi.”

Aka ba wanda ya zo bayansa keken.

A hanyar gida zuciyata tafasa take. Na ce wallahi yau sai tsohon nan ya ji abin da ya aikata. Yaya ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

“In kika faɗa masa, ban yafe miki ba.”

Muka tarar da Baba a ƙofar gida ya tara maƙwabta yana ba su labari. Ya tambayi ina keken da aka ce za a bayar. Yaya ya ce, “Baba, ka san Legas.” Nan Baba ya hau faɗa, wai an yi cuwa-cuwa, wai don an ga ɗan Bahaushe ne, Allah ya isa. Ina tsaye ina jin yana tsine wa mutanen da ba su yi komai ba. Na shige ɗaki na yi kukana.

Yaya bai haƙura ba. Ya koma kan keken ƙarfen, da damina da rani, yana cewa wataƙila a sake kawo wani. Ba a kawo ba. Wata safiya a filin atisaye kafaɗar ta tafi. A asibiti suka ce jijiya ce ta yage, ko an yi aiki ba zai ƙara tsere ba. Aikin ma bai yiwu ba. Yanzu hannun hagun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Yana iya riƙe takalmi ya ɗinka, amma ba ya iya tura kansa ko zuwa bakin layi.

Har yau ina jin haushin Baba, ina kuma tausayinsa, na rasa wanda ya fi. Ya bar kasuwa, gwiwoyi sun gaji. Da an kira salla sai ya ɗauko hularsa, ya zagaya bayan keken Yaya ya kama. A hanya duk wanda ya tsaya gaishe su sai ya ji labarin gadar Ojota.

“Ba don ni ba, da a nan zai kwana,” Baba yakan ce, yana dariya. “Ko ba haka ba?”

Yaya yakan dubi hannayensa a cinya, ya ce, “Haka ne, Baba.”