Wayar Batir da Farar Riga

A shekarar da aka ba da mulkin kai ni direba ne a gidan wani Bature ɗan kamfanin sayen gyaɗa, a Nassarawa. Motar da nake ja wata tsohuwar akori-kura ce mai rufaffen baya, wadda ta riga ni shiga aikin kamfanin. Da ita nake kai kuku kasuwa, da ita nake kai yaran gidan makaranta. Albarkacinta muke da ɗaki a bayan gidan, ni da matata da 'yarmu, ga famfo a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa zaman haya a Fagge ya san darajar famfo a bakin ƙofa.

Shingen lalle ne kawai tsakaninmu da gidan maƙwabta. Baturen da ke ciki ya koma ƙasarsu, aka sa wani babban ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa, ya zo da sabuwar mota baƙa wuluk, mai sheƙi. Direbanta kuwa ba kowa ba ne illa ƙanena, ɗan ƙanen babana. Ni na ɗauko shi daga garinmu bai san birki ba bai san kuloci ba. Ni na sa shi wankin mota, ni na koya masa riƙon sitiyari a filin bayan Giginyu, da muka je neman aikin ma da bakina na yabe shi. Ban san za a ɗinka masa farar riga mai maɓallan tagulla da hula mai baki ba. Wallahi ranar da na fara ganinsa cikin rigar nan, ko tuwon dare ban ci ba.

Ba ya yi mini komai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kullum da safe sai ya leƙo ta kan shinge ya rusuna ya ce, “Yaya, an tashi lafiya?” Ni kuma in amsa da hanci. Ya shiga motarsa, ya taɓa ta sau ɗaya, ta ɗauka a hankali kamar mai gyaran murya. Ni ina nan da rigar kaki da ta koɗe, ina lallashin tsohuwar motata.

Da damina ta sauka tsohuwar ta fara halinta. In danna kik, wato abin tayar da inji, sai in ji ƙas, shi ke nan. Wata rana ta yi nishi sau ɗaya ta yi shiru. Wata rana kuma da tsakar rana ta tashi garau kamar ba ita ba, ta mai da ni maƙaryaci a gaban Bature. Fitilunta tar suke, amma da na danna kik sai su dushe kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare. Na ce batir ne. Na cicciɓo shi daga ƙarƙashin kujera, na ɗora a keken maigadi na kai wa mai caji a Sabon Gari. Ya kwana a wurinsa, ya auna ya ce batirin nan lafiyarsa ƙalau. Na dawo na tafasa ruwa na kwarara wa kawunansa, farin garin nan da ke taruwa ya narke, na kankare su da wuƙa har suka yi haske, na ɗaure tamau. Ta yi mini kwana biyu tana tashi, a na uku ƙas. Na ce to kik ɗin ne. Na kwance shi na kai wa bakanike, ya jona masa wuta, ya juya kamar zai tashi sama. Na dubi wayoyin batir da idona, baƙar robarsu sumul, ko tsaga babu.

Akwai handil da ake zurawa ta gaba a juya inji da hannu, da shi na yi ta rufa wa kaina asiri, har ranar da ya dawo da baya ya doke ni a wuyan hannu. Sai da mai ɗori ya ɗaure mini shi. Daga nan muka koma turi. Kuku da gadina mai kula da lambu da maigadi su kama bayanta, ni ina ciki na taka kuloci, mu gangara har bakin titi. Kuku mutumin Zariya ne mai baƙar magana, yana turi yana cewa shi girki aka ɗauke shi yi ba aikin jaki ba. A daidai lokacin ne kuma baƙar motar nan take fitowa, ƙanena ya rage tafiya ya leƙo.

“Yaya, ko in zo in duba mana?”

“Je ka kai maigidanka ofis,” na ce. “Tun kana kiwon awaki nake jan motar nan.”

Akwai abu ɗaya da ya rage ban gwada ba, kuma na san shi sarai, don ni nake koya wa yara shi. Wayar batir tana iya ruɓewa a cikin robarta ido bai gani ba. Yadda ake gane ta, mutum ɗaya ya zauna ya danne kik, ɗaya ya shiga ƙarƙashi yana bin wayar da hannu, inda ya ji ɗumi nan ɓarnar take. Aikin mutum biyu ne, kuma a wurinmu direbobi babba ne yake shiga ƙarƙashi ya ji, yaro shi ne mai dannawa. Na taɓa sa gadina ya danna mini, garin hawa ya ture giya da gwiwa, motar ta yi tsalle ta kusa bi ta kan ƙafata. Kuku ya ce shi ba ya taɓa abin da ke da wuta a ciki. Mutum ɗaya ne a duk layin nan da zai iya, yana can bayan shinge yana goge gilashi da farin ƙyalle. Na gwammace a yi ta turi.

Bature ya gaji. Ya kira ni gaban baranda, da Hausarsa mai tauri ya ce injiniyan kamfani zai zo ranar Litinin da hantsi. In mota ta tashi a gabansa, za a bar ta. In ba ta tashi ba, za a ja ta zuwa wurin gwanjo, kuma kamfani ba zai sayo wata ba. Bai ce komai game da ni ba, ba sai ya ce ba. Da na faɗa wa matata, ta dubi famfon ta dubi 'yarmu, ta ce, “Malam, ba ɗan'uwanka ba ne?” Na ce mata ta ji da tukunyarta.

Litinin da asuba aka tafka ruwa. Gari ya waye tsakar gidan ya zama taɓo, ko da jakuna ba za a iya tura mota ba. Na shiga na yi bisimilla na danna, ƙas. Na sake, ƙas. Na kifa goshina a kan sitiyari, ina tunanin yadda zan ɗaure katifa a kan amalanke ana kallona daga gidan maƙwabta.

Sai na ji an buɗe ɗaya ƙofar. Ƙanena ne, ya ratso ta shinge, rigar nan ta sha guga da sitaci, don ranar zai kai maigidansa wani babban taro.

“Yaya, zauna yadda kake. In na ce danna, ka danna.”

Ni ne zan zauna a wurin yaro? Na ce masa ya hau ya danna, ni zan shiga. Ya dubi ɗaurarren hannuna ya ce, “Da wannan hannun, Yaya?” Na ce to ya cire rigar, don ruwan batir ya daɗe yana ɗiga a wurin nan, kuma yana cin tufa. Ya dubi rana ya ce babu lokaci, ya jawo wani tsohon buhu ya shimfiɗa ya zura kansa ƙarƙashi.

“Danna.”

Na danna, haƙorana a cije.

“Saki. Sake dannawa.”

Na sake. Can na ji ya ja iska ta baki kamar wanda ya taɓa murfin tukunya. Ya ce in miƙo wuƙa. Wurin yana daidai inda wayar ta sauko daga ƙarƙashin kujera, a bayan wani ƙarfe da ke tare ta. Da ya tsaga robar sai ga kore-koren gari yana zubowa a kan ƙirjinsa. Ya fito da ita ya nuna mini. Waya mai kaurin ɗan yatsa, silin jan ƙarfen da suka rage a cikinta ba su fi gashin goga da ya tsufa ba. Allah ya taimake mu tana da rara. Muka datse ruɓaɓɓen wurin har muka kai ga jan ƙarfe mai kyau, muka mai da kan wayar, ya ɗaure da sufana ni ina riƙe masa da hannun hagu. Na danna sau ɗaya, tsohuwa ta ɗauka da ƙarfin da na manta tana da shi.

Ƙarar ce ta fito da Bature. Ya dube ni, ya dubi direban maƙwabta, ya tambayi wanda ya gyara. Ƙanena ya cire hula ya ce, “Ranka ya daɗe, Yaya ne. Shi ya koya mini, hannu kawai na ara masa.” Bature ya gyaɗa kai ya koma ciki. Injiniya ya zo da hantsi, aka tayar da ita aka kashe aka sake tayarwa, ya ce a sayo sababbin wayoyi a bar ta. Ɗakinmu ya tsira.

Ƙanena kuwa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi taro da ita, da ɗan dabbare-dabbare a kafaɗa. Ruwan batir ba ya nuna aikinsa nan take. Sai da matarsa ta wanke ta aka shanya a igiya, na hango ta daga ƙofar ɗakina, kafaɗa da baya duk huji-huji kamar ɓera ya kwana a ciki. Ba zan ɓoye ba, wani sanyi ya ratsa zuciyata, har na kira matata ta zo ta gani. Ta gani, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta ɗauko zaren fari da allura ta miƙa wa matarsa ta kan shinge.

Kuku ne ya kawo mini labarin cewa maigidan ƙanena ya yi masa kaca-kaca a gaban baƙi, ya ce ba za a ɗinka wata ba sai shekara ta zagayo. Na jira ya zo ya yi mini ƙorafi, ko ya yi mini gori, ko da sau ɗaya ne, in sami abin riƙewa. Washegari ya leƙo ta kan shinge da faci a kafaɗa, ya rusuna ya ce, “Yaya, an tashi lafiya? Ta tashi kuwa?”

Na ce ta tashi. Ya yi murmushi ya shiga motarsa.

Da farko motarsa nake kyashi, daga baya rigarsa. Ranar nan na tsaya ina kallon facin nan har ya fita daga gidan, na ga ashe facin ma kyashinsa nake yi, har ya fi na rigar zafi. Na san kaina, da shi ne a kife kan sitiyari ni kuma nake da farar riga, da sai na tsaya na cire ta na ninke tukuna.